A Sake

A rubutun boko haruffa huɗu ne, amma a baki kalmomi biyu ne, kunne kaɗai ke raba su. Akwai sake mai jan wasalin farko, wadda malami ke faɗa wa ɗalibi idan ya yi tuntuɓe a karatu. Akwai kuma sake mai gajeren wasalin farko, ƙanwar sakaci, wadda ke cikin karin maganar nan ta an yi sake ɗan zaki ya girma. Ta farkon ce ta hana ni sakat, domin ita kanta fuska biyu gare ta. Wanda ya sake zuwa, ya koma inda ya taɓa zuwa ne. Wanda ya sake gari kuwa ya bar inda yake ya nufi wani. A sake wanka, a maimaita shi ke nan, amma a sake riga, a tuɓe wata a sa wata. Idan aka ce wane ya sake magana, sai ka tsaya ka ji abin da ya biyo baya kafin ka san ko ƙara magana ya yi, ko kuwa tashi ya yi daga kan alkawarinsa. Da kalma ɗaya muke cewa a yi abin da aka yi jiya, da ita kuma muke cewa a bar abin da aka yi jiya, kuma ban taɓa jin an yi gardama a kasuwa kan wanne ake nufi ba.

Abin da ya tayar mini da ita wani fim ne na Amurka, Edge of Tomorrow, wanda Doug Liman ya ba da umarni, Tom Cruise da Emily Blunt suka ja ragamarsa, ya fito a 2014. Asalinsa ɗan littafi ne na wani marubucin Japan, Hiroshi Sakurazaka, mai suna All You Need Is Kill, wanda aka buga a 2004. A labarin, wani dutse ne ya faɗo daga sararin samaniya a Jamus ɗauke da wasu baƙin halittu da ake kira Mimics, masu kwaikwayo, masu tafiya kamar guguwar da aka yi wa hannuwa. Cikin shekara biyar suka cinye yawancin Turai. 'Yan Adam suka haɗa runduna ɗaya, suka ƙera wa sojojinsu sulke mai inji, suka tara su a filin jirgin Heathrow na Landan, da niyyar su tsallaka ruwa da asuba su dira a gaɓar Faransa, a yi ta ta ƙare.

Manjo William Cage sojan baki ne. Kafin yaƙi aikin talla yake yi, da yaƙi ya zo sai ya koma tallar yaƙin a talabijin, yana zuga 'ya'yan mutane su shiga soja, shi kuwa bai taɓa jin warin albarushi ba. Ranar da Janar Brigham ya ce masa zai bi sahun farko zuwa gaɓar teku da masu ɗaukar hoto, ya fara da roƙo, da roƙo bai ci ba ya koma barazanar ɓata wa janar suna. Baki shi ke yanka wuya. Aka kama shi, aka tuɓe masa girma, ya farka a kan tarin jakunkuna a Heathrow da ankwa a hannu, an rubuta shi a matsayin kurtun da ya nemi gudu daga fagen fama. Kashegari aka jefa shi bakin teku cikin sulken da ko buɗe makullin bindigarsa bai iya ba. Baƙin sun riga sun san da zuwansu, suna jira. Cikin 'yan mintuna runduna ta watse. Cage ya tayar da nakiya a jikin wani babba daga cikinsu, irin wanda ake kira Alpha, jininsa ya kwarara masa a fuska, ya mutu yana ihu. Sai ya buɗe ido a kan jakunkunan nan, da ankwar nan, a safiyar jiya.

Daga nan fim ɗin ya zama kalmar nan tawa. Saje Farell zai zo ya yi masa jawabin da ya yi jiya, ba ragi ba ƙari. 'Yan ɓangaren da aka tura shi za su ɓoye kartar da suke yi a inda suka ɓoye ta jiya. Jirgin da ya ɗauke su zai kama da wuta a daidai daƙiƙar da ya kama jiya, ƙaton sojan nan mai murna da ya dira lafiya kuma tarkacen jirgi zai faɗo masa a ka. Duk wanda ya saba da waƙar Mamman Shata ya san wannan tsari. 'Yan amshi suna riƙe da layi ɗaya, suna dawo da shi kamar yadda yake tun daga farkon waƙa har ƙarshenta, kalangu na tafe a ƙarƙashi, shi kuwa Shata yana bisa yana zuba sabuwar magana a kowane zagaye. Amshin da bai motsa ba shi ke ba kunne ma'aunin da zai gane nisan da mawaƙin ya yi. Duniya gaba ɗaya ta zame wa Cage 'yan amshi. Kowa yana sakewa irin ta maimaici, shi kaɗai aka bai wa damar sakewa irin ta canji, kuma canjin nan ba ya samuwa sai ta cikin maimaicin.

Ba shi ya gano hanya da kansa ba. Saje Rita Vrataski, wadda hotonta ke manne a jikin motoci ana yi mata kirari da Mala'ikar Verdun saboda ɗaruruwan baƙin da ta kashe a can, ita ta gan shi yana kauce wa harsashi da wuta tun kafin su iso, ta gane abin da ke tare da shi, domin ta taɓa ɗaukar irinsa. Ta ce ya neme ta idan ya farka. Daga ita da wani masanin kimiyya da aka kora daga aiki, Dakta Carter, ya ji yadda abin yake: baƙin nan jiki ɗaya ne mai ƙwaƙwalwa ɗaya, Omega, kuma duk sa'ad da aka kashe Alpha sai Omega ta mayar da rana baya, ta shiga yaƙin tana sane da duk abin da abokan gaba za su yi. Jinin da ya zubo wa Cage shi ya sa linzamin ya faɗo hannunsa. Sharaɗi ɗaya ne: sai ya mutu rana za ta koma. Saboda haka idan ya karye a wurin horo, Rita ba ta kiran likita, bindiga take ɗagawa ta harbe shi a ka, a sake lale.

Sake lale maganar 'yan karta ce, ta fito daga kan tabarma ta shiga bakin 'yan siyasa da masu sharhi a rediyo. Amma wanda ya ce a sake lale yana fatan wasu katunan ne su zo masa. Cage kuwa katunan jiya ake miƙo masa kullum, a jere yadda suke, hannun da ke riƙe da su ne kawai ke ƙara gwaninta. Sakurazaka ya bayyana cewa daga wasan kwamfuta tunanin ya zo masa, inda ɗan wasa ke mutuwa ya danna ya koma farko har ya haddace inda kowane abokin gaba ke ɓuya, a ƙarshe wasan ya yi masa kirarin jarumi alhali ya san sau nawa ya faɗi. A littafin, matashin sojan, Keiji Kiriya, yana rubuta lambar zagayen a bayan hannunsa don kada lissafi ya ɓace masa. Fim ɗin bai ba mu lamba ba, kuma ya kyauta. Mun dai ga mutumin da ya kasa tsayuwa cikin sulke ya koma yana ƙirga taku, hagu, dama, sunkuya, harba, idonsa ma ba ya kallon abin da yake harbi. Hausawa sun ce yau da gobe ita ta sa allura ginin rijiya. Shi gobe ba ta zuwa masa, yau ce kawai a kan yau, kuma ita ma ta gina rijiyar.

Akwai wani abu da ya dace a ce fim ne ya ba da wannan labari, domin shi kansa fim da a sake ake yin sa. Ɗan wasa zai faɗi magana, a tsayar, a sake ɗauka, ya koma kan alamarsa ya faɗe ta kamar bai taɓa faɗa ba. Masu tace hoton wannan fim sun yi amfani da haka da basira. Da farko suna nuna mana kowane zagaye tun daga farkawa. Can sai su fara yanke farkawar, mutuwa ta bi mutuwa cikin 'yan daƙiƙu. Daga bisani sai su daina gaya mana ko wannan ne karo na farko ko na ɗari, mu da kanmu za mu duba fuskar Cage mu gane. A nan ne mai kallo ke barin gefen Cage ya koma gefen sauran mutane, waɗanda ke zaune da wanda ya san abin da za su ce.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai babu harbi a cikinsa. Cage da Rita sun tsira daga bakin teku, sun yi tafiya a mota har mai ya ƙare, suka fake a wani gidan gona da masu shi suka gudu suka bari. Akwai ƙaramin jirgi mai saukar ungulu a bayan gidan, Rita tana son a nemo makullinsa a wuce. Cage yana ta jan lokaci. Ya duba mata rauninta, ya samo gahawa ya dafa mata, ya zuba mata sukari uku ba tare da ya tambaye ta ba. A kan sukarin nan ta tsaya. Ta dube shi ta tambayi sau nawa suka zo nan. Makullin yana aljihunsa tun ɗazu. Ya gwada kowace dabara, kuma kowane karo idan ta tayar da jirgin nan mutuwa take yi, ya rasa yadda zai wuce da ita gaba da wannan gida. Ita jiya ta fara ganinsa, shi kuwa ya binne ta sau ba adadi. Ta riga ta gaya masa a hanya cewa a Verdun ta kalli wani abokin yaƙinta, Hendricks, yana mutuwa sau ɗari uku, kuma tana tune da kowanne. Don haka ba ta son a san ta, ba ta son ta san kowa.

Da na sani ƙeya ce, in ji Hausawa, a baya take, ba a ganinta sai an wuce. Kowa ya taɓa kwana yana cewa ina ma a mayar da ni safiyar jiya. Fim ɗin ya ɗauki wannan buri da gaske, ya ciro ƙeya ya dawo da ita goshi, sa'an nan ya tambaya ko an huta. Cage ya sani, kuma sanin bai hana komai ciwo ba. Bayan gidan gonar ya daina neman Rita. Ya farka, ya sa sulke, ya ratsa bakin teku shi kaɗai, ya wuce ƙaton sojan nan da ya saba turewa daga ƙarƙashin tarkace bai ko waiwaya ba. Wanda ya ga mutuwar mutum sau ɗari yana iya fara ganinta kamar faɗuwar rana, abin da ke zuwa a kan lokacinsa. Wannan ita ce ɗayar saken, ta sakaci, kuma ta hanyar ƙwarewa ta shigo masa. A ganina nan ne labarin ya fi faɗin gaskiya. Groundhog Day na 1993, inda Bill Murray ya maƙale a ranar 2 ga Fabrairu a wani ƙaramin gari na Pennsylvania, shi ma ya bi ta wannan kwari na yanke ƙauna, amma can ba wanda ake yanka a gabansa kowace safiya.

Sunayen wuraren da fim ɗin ya zaɓa suna da nauyin da ya fi ƙarfin labarin ƙirƙira. An fara nuna shi a gidajen kallo na Amurka ranar 6 ga Yuni 2014, shekara saba'in cif bayan saukar sojojin ƙawance a gaɓar Normandi, inda kimanin mutum 156,000 suka dira a rana ɗaya, fiye da 4,000 daga cikinsu ba su ga dare ba. Verdun kuwa ta Yaƙin Duniya na Ɗaya ce. Daga 21 ga Fabrairu zuwa 18 ga Disamba 1916 Faransa da Jamus suka yi ta gwabzawa a kan 'yan tsaunuka, aka rasa rayuka wajen 300,000, har da na sojojin Afirka ta Yamma da Faransa ta ɗebo daga ƙasashen da ta mallaka. Wani ƙauye a wurin, Fleury, ya sake hannu sau 16, kuma ba a sake gina shi ba har yau. Janar Pétain ya tsara yadda za a riƙa shigar da runduna, a fitar da ita bayan 'yan kwanaki, a shigar da wata, har aka yi wa tsarin laƙabi da sunan keken ɗiban ruwa mai zagayawa da guga, kuma ta haka mafi yawan sojojin Faransa suka ratsa ta Verdun. Wannan shi ne zagayen lokaci na gaskiya: hari ɗaya a kan tudu ɗaya, a yi yau a sake gobe, janar-janar suna koyo daga kuskure, amma wanda ya mutu a harin jiya ba shi ke tashi ya yi na yau ba, ɗan wata uwar ne. A ma'ajiyar ƙasusuwa ta Douaumont akwai ragowar mutum kusan 130,000, Faransawa da Jamusawa a cakuɗe, ba a san sunan ko ɗaya ba. A fim ɗin ma nasarar da Rita ta samu a Verdun tarko ce. Baƙin ne suka bari aka ci su, don 'yan Adam su yarda da sulkensu su kwaso duk abin da suka mallaka su kawo bakin teku.

Mu da muka tashi da karatun allo mun san wani wurin da ake roƙon a sake. Alƙur'ani ya ba da labarin wanda mutuwa ta zo masa yana roƙon a mayar da shi duniya ko ya gyara abin da ya bari, aka ce masa a'a. A wani wurin kuma ya nuna cewa irin waɗannan ko an mayar da su, abin da aka hana su za su koma wa. Wato ana iya ba mutum sake ta maimaici ya kasa samun sake ta canji. Shi ya sa malamai suka sa ƙudurin rashin komawa cikin sharuɗɗan tuba, kuma shi ya sa yaron da aka kama da laifi, tun kafin a ɗaga bulala, abin da ke fara fita daga bakinsa shi ne ba zan sake ba. Da wannan ɗan gajeren alkawari yake cewa zai sake, wato zai zama wani yaron. Uwa kuma idan ta ce kada ka sake ka je bakin rijiya, tana iya nufin kada ka ƙara, tana iya nufin kada ma ka kuskura ka fara. Tambayar da fim ɗin ke ɗauke da ita, ko ya sani ko bai sani ba, tsohuwa ce a wurinmu: in an mayar da matsoraci, zai dawo jarumi? Cage ya gwada guduwa. A wani zagaye ya sulale daga sansani ya tafi Landan ya zauna a mashaya, tsofaffi suka kira shi matsoraci, kafin ya gama jin zafin maganar sai ga baƙin sun ɓullo ta kogin Thames. Ya ga cewa bayan bakin tekun nan babu wani wurin ɓuya. Ban ɗauki abin da ya biyo baya a matsayin jarumtaka ba tukuna. Wanda ya san zai farka, mutuwa ciwo ce kawai a wurinsa, ba ta ci masa komai ba.

Jarumtakar ta zo ne bayan an ƙwace masa saken. Shi da Rita sun gano cewa wata madatsar ruwa a Jamus da yake gani a wahayi a matsayin maɓoyar Omega yaudara ce, Omega tana Faris, a ƙarƙashin gidan tarihi na Louvre. Wajen tserewa da na'urar da ta nuna musu haka ya ji rauni, ya suma, ya farka a gadon asibiti an yi masa ƙarin jini. Jinin wani bawan Allah da ya bayar don ceton rai shi ya wanke masa baiwar, kamar yadda ya faru da Rita a baya. Yanzu rai ɗaya gare shi, irin na kowa. Tsoro ya dawo fuskar Tom Cruise, kuma wannan tsoron ya fi na farkon fim daraja, domin mai shi ya san ainihin abin da ke jiransa, ya ɗanɗana shi fiye da kowane mai rai, ya kuma tashi ya tafi. Waɗanda suka fi burge ni su ne 'yan ɓangaren nan nasa, tarkacen sansani da ba wanda ya ɗauke su a bakin komai. Ba su taɓa samun zagaye ko ɗaya ba. An zo musu da dare da labarin da hankali ba zai ɗauka ba, suka ga Rita tsaye a bayansa, suka hau jirgi zuwa Faris. Biyu daga cikinsu suka tsaya a baya suka tayar da tankar mai a kansu don sauran su sami hanya. Rita ta ja Alpha ya bi ta, ya kashe ta. Cage ya nutse cikin ruwa ya saki gurneti a kan Omega.

Da a nan aka tsaya, da na ce fim ɗin ya biya bashin sunayen da ya ara. Amma jinin Omega ya taɓa Cage, ya farka a cikin jirgin da ya kawo shi Landan tun kafin a kama shi, da girmansa na manjo, ana sanarwa cewa baƙin sun mutu. Duk wanda ya faɗi a Faris yana raye yana atisaye. Ya je ya sami Rita, ta tambaye shi abin da yake so da irin kaushin da ta saba, ya yi dariya. Na fahimci dalilin masu fim, an kashe dala miliyan 178 wajen yin sa, kuma ba a son mai kallo ya fita da baƙin ciki. Duk da haka ina ganin an ƙwace wa mutanen nan abin da suka bayar. Sun ba da ran da suka san ba za a mayar musu ba, sai aka mayar musu, aka kuma shafe musu sanin cewa sun taɓa bayarwa.

Sakurazaka bai yi wa nasa jarumin wannan rangwame ba. A littafin, Keiji da Rita sun gano cewa su biyun sun zama ɓangare na abin da ke mayar da rana baya, kuma zagayen ba zai tsinke ba sai ɗayansu ya mutu. Rita ce ta tilasta masa faɗan, a zagaye na 160, bayan ranar da suka yi tare suna hira. Ya kashe ta da hannunsa, gobe ta zo, aka ba shi lambar yabo, sauran sojoji suna kallonsa a matsayin wanda ya kashe gwarzuwarsu. Ya shafa wa sulkensa shuɗin fenti saboda ita, ya koma fagen fama, domin a littafin yaƙin bai ƙare ba.